Ɗan kwangila ya ce mu fara haƙa tun kafin izinin gini ya fito, ku ba ni shawara

Abu_Hanan

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda suka san harkar gini a cikin birni ku taimaka min, kaina ya ɗan kulle. Ina da fili a bakin titi, takardunsa sun cika ba wata rigima a kai, niyyata in yi bene hawa ɗaya, ƙasa shaguna uku sama kuma gidan da zan shiga da iyalina, in Allah ya hore nan gaba in ƙara hawa ɗaya a kai in zuba 'yan haya. Mai zane ya gama zane mun kai ofishin masu ba da izinin gini yau sati biyar kenan, duk zuwan da zan yi sai a ce fayil ɗin yana teburin wane, shi kuma wane ya fita duba aiki. To ɗan kwangilar da na ɗauka ya matsa min, wai mu fara haƙa fandisho mu zuba kankare tunda ai an riga an shigar da takardu, kowa ma haka yake yi, kuma kayan gini kullum tashi suke, in muka zauna jira kuɗin da na ware ba zai kai mu linta ba. Gaskiya maganarsa ta shiga raina don ni ma ina ganin yadda kuɗin ke narkewa a hannuna.

Na biyu, a fom ɗin da suka ba ni akwai wajen izinin aikin wuta daban, na famfo da magudanar ruwa daban, har da na fasa titi idan za a jawo bututu, kuma sun ce mai lasisi ne kaɗai zai cika ya sa hannu. Ni a zatona izinin gini guda ɗaya ne ya haɗa komai. Akwai yaron da ya daɗe yana yi mana wayarin, hannunsa na da kyau sosai amma ba shi da wata takarda, shin dole sai na ajiye shi na nemo wani?

Sai maganar ƙarin hawan nan, in faɗa musu tun yanzu ko in bari sai lokacin ya zo? Wani ya ce min in na faɗa kuɗin izinin zai ƙaru kuma za su ƙara jan fayil ɗin. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Bello

Wa alaikumus salam Malam Abu Hanan. Allah ya sanya albarka a wannan niyya, ya sa a gama lafiya a shiga lafiya. Ni aikina lissafin ƙarfin gini ne, na daɗe a ciki, kuma zan gaya maka kai tsaye, kada ka zuba kankare ko cokali ɗaya kafin takardar nan ta fito. Share fili, zagaye shi da kwano, ajiye yashi da tsakuwa a cikin iyakarka, wannan yawanci ba laifi, amma ka tambaye su tukuna don wasu biranen ko haƙa ma sun ɗauke ta a matsayin fara gini.

Dalilina ba tsoron tara ba ne kawai. Mutane suna ɗauka izinin gini takarda ce da ake karɓa a ajiye a durowa, alhali rabin amfaninta yana wajen zuwan mai duba aiki, kuma shi yana zuwa ne a gaɓoɓin da in an wuce su ba a sake ganin abin da ke ciki. Ramin fandisho ana duba shi ne yana buɗe, a ga zurfinsa, a ga irin ƙasar da aka tarar, a ƙirga rodi a auna kaurinsa da tazarar da ke tsakani, a ga ko an ɗaga shi daga ƙasa yadda kankare zai lulluɓe shi ta ko'ina ba ya kwanta a turɓaya ya yi tsatsa ba. Ranar da aka zuba kankare shi kenan, an binne shaida. In mai duba aiki ya zo daga baya ya tarar an zuba, me zai sa wa hannu? Ko dai ya ce a fasa gefe ya gani, ko a kawo masu gwaji su huda su ɗebi samfur, duk da kuɗinka, ko kuma ya ƙi amincewa gaba ɗaya. Haka za ka sake haɗuwa da shi a ginshiƙai da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai yana ɗaukar dekin, kafin a zuba dekin. Shi ya sa ake cewa a kira su kafin zubi, ba bayan zubi ba.

Sannan akwai abin da ɗan kwangilarka bai gaya maka ba. Zanen da ka shigar ba lallai ne ya fito yadda ya shiga ba. Filinka a bakin titi yake, to kowane birni yana da tazarar da dole ka bari tsakanin gini da titi, da tsakaninka da maƙwabci, wani lokacin ma akwai shirin faɗaɗa titin da kai ba ka sani ba amma yana cikin taswirarsu. Ga shaguna uku, za su tambayi inda masu zuwa sayayya za su ajiye mota, za su duba ko unguwar an yarda a haɗa kasuwanci da zama a gini ɗaya, za su duba matakalar da iyalinka za su bi su sauko in gobara ta tashi a shagon ƙasa. In suka ce a ja ginin baya da mita ɗaya da rabi kai kuma ka riga ka zuba fandisho a layin farko, duk rodin da simintin da ke ramin nan sun zama asara, kuma ba ɗan kwangila ne zai biya ba, sunanka ne a fayil, kai ne mai gini a idon hukuma.

Maganar ƙarin hawa kuwa ita ce ta fi tsaya min a rai a duk tambayarka. Ka faɗa tun yanzu, ka fara faɗa wa injiniyan da ya yi lissafin ginin ma kafin hukuma. Fandisho da ginshiƙan da aka lissafa don su ɗauki hawa ɗaya daban suke da na hawa biyu, faɗin gindin ya bambanta, yawan rodi da kaurinsa sun bambanta, wani lokacin sai an gwada ƙasar an ga nauyin da za ta iya ɗauka. Ƙarin kuɗin da za ka kashe yau a cikin rami ƙanƙani ne in ka kwatanta da ƙarfafa ginshiƙi bayan an gama gini mutane na ciki. Kana iya neman izinin cikakken ginin ka yi shi kashi-kashi, ko ka nemi na hawa ɗaya yanzu amma lissafin da ke cikin fayil ya nuna an tanadi na biyu, ranar da ka shirya sai ka koma neman izinin ƙari da hujjarka a hannu.

Ba don in tsorata ka ba, amma manyan rushe-rushen da duniya ta gani da yawansu daga nan suka faro. Rana Plaza da ya rufta a Savar kusa da Dhaka a Bangladesh ranar 24 ga Afrilu 2013, hawa takwas ne, an ƙara hawan sama ba da izini ba, ginin da aka zana don shaguna da ofisoshi aka cika shi da kekunan ɗinki da manyan janareto, mutum 1,134 suka rasu, kuma tun ana gobe aka ga tsagewa a jikinsa. Kantin Sampoong a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, 29 ga Yuni 1995, mutum 502. Shi ma asalinsa wani gini daban mai hawa huɗu aka tsara, ana cikin aiki aka mayar da shi katafaren kanti, aka cire wasu ginshiƙai don a sa matakala mai tafiya da kanta, aka ƙara hawa na biyar, aka ɗora manyan injinan sanyaya wuri a rufi. Naka ƙarami ne ƙwarai a kan waɗannan, na sani, amma kankare bai san ƙaramin gini ko babba ba, nauyin da aka lissafa masa shi zai ɗauka.

Abu ɗaya kuma, in an fara zubi ka ce a ɗebi samfurin kankaren a ƙananan akwatuna a kai gwaji, ana matse su a kwana 7 da kwana 28, sakamakon kwana 28 ɗin shi ake dogara da shi. Ka ajiye takardar gwajin tare da sauran. Kuma kada ka bari a yi gaggawar cire katakon da ya tokare dekin don wai ana buƙatarsa a wani aikin.

Maman_Zahra

Ɗan uwa ka ji maganar Injiniya wallahi. Mu mun taɓa shiga irin wannan kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Namu ma ba babban gini ba ne, gidan zama ne muka ce za mu ƙara ɗakuna biyu da banɗaki ta gaba, maigidana ba ya gari ni ce a kan aikin, mai ginin ya ce min Hajiya kada ki damu na san mutanen ofishin, takarda na nan tafe. Na yarda da shi don ya taɓa yi mana aiki mai kyau. Mun kai linta sai ga su da safe, suka manna takardar dakatar da aiki a ƙofa suka shafa jan fenti a bango, leburori suka watse. Da na je ofishin da kaina ashe ko fayil ba a buɗe ba, kuɗin da na ba shi na izini bai kai ba, ba rasit ba komai.

Wata huɗu ginin yana tsaye a buɗe, ruwan sama ya dake shi, simintin da muka saya muka jibge rabinsa ya daskare ya zama dutse. Da aka zo auna wajen aka ce bangon gaba ya shiga tazarar titi, sai da muka rushe shi da hannunmu muka ja baya, ɗaki ɗaya ya koma kamar sito. Tarar ma ba ita ta fi ciwo ba, rushe abin da ka gina da guminka kana kallo shi ne abin.

Abin da na koya, duk kuɗin da za ka biya na hukuma ka biya da kanka ko ka aiki wanda zai kawo maka rasit mai lambar fayil ɗinka a jiki, ka ɗauki hotonsa a waya. Kai da ka riga ka shigar da kanka ma ka fi mu. Kuma in takardar ta fito kada ka yarda da hoto a WhatsApp, ka riƙe ta a hannunka ka ga hatimi a kan kowane shafi na zanen, ka yi kwafi ɗaya ya zauna a wajen aiki a cikin leda don duk wanda ya zo dubawa shi zai fara tambaya. Asalin kuma ka ɓoye a gida tare da takardun fili, don ranar da za ka sayar ko ka nemi rance da ginin ko 'ya'yanka su zo rabon gado, za a nema.

Sani_MaiWayarin

Salam. Bari in amsa ɓangaren wuta tunda shi ne sana'ata. Yallabai ba wai don a ci kuɗinka aka raba izinin ba. Mai duba rodi da kankare ba shi ne ya san waya ba, kuma wanda ya san waya ba lallai ya san gangaren bututun banɗaki ba, shi ya sa birane da yawa suke raba su, kowane fanni da mai dubansa da kuma wanda zai ɗauki alhakinsa da lasisinsa. Wasu wuraren kuma duk a cikin izini ɗaya suke amma sai ka haɗa zanen wuta da na famfo da sa hannun masu su. Tunda naku fom ɗin ya raba to haka tsarinsu yake, ka bi shi.

Aikinmu ma kamar na Injiniya ne, ɓuya yake yi. Da an yi filasta an rufe silin ba mai sake ganin wayar da ke ciki, ko waya mai lamba 2.5 aka sa wa soket ko an ɗauki 1.5 ta fitila an lallaɓa, ko an yi haɗi a tsakiyar bututu an naɗe da tef. Shi ya sa dubawa biyu ake yi, ɗaya kafin a rufe bango, ɗaya bayan an gama kafin a ba da wuta. Abin da ake nema ba ɓoyayye ba ne, kaurin waya ya dace da birekar da ke tsaronta don in bireka ta fi ƙarfin waya to wayar ce za ta yi zafi ta narke kafin birekar ta faɗi, a ga an kafa wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, da gaske an auna ta ba a soka guntun rodi kawai ba, a ga na'urar da ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum, wadda ake sa mai miliamfiya 30, musamman layin banɗaki da kicin da hita. Kai da za ka yi shaguna a ƙasa ka ƙara kula, ba ka san wanda zai kama haya ba, yau mai sayar da kaya ne gobe mai firiza huɗu, iyalinka kuma suna kwance a samansa. Kowane shago ya samu nasa layin da nasa allon bireka, in da hali da mitarsa.

Maganar yaronka, ban ce ka kore shi ba. Da yawanmu haka muka fara, hannu ya iya takarda babu. Ka nemo mai lasisi ya karɓi aikin da sunansa, yaron ya yi aiki a ƙarƙashinsa in dokar wajenku ta yarda da haka, amma mai lasisin ya riƙa zuwa da ƙafarsa yana gani yana gwadawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a biya mutum ya buga hatimi a aikin da bai taɓa gani ba, ranar da wani abu ya faru kamfanin inshora zai bincika, in ya ga an yi aikin ba bisa ƙa'ida ba yana iya ƙin biya, shi kuma mai hatimin ya ce bai san zancen ba. Kuma ka ƙarfafa wa yaron gwiwa ya je ya yi jarrabawar ya samu nasa, alheri ne ka yi masa.

Famfo ba fannina ba ne amma muna aiki tare da su kullum. Su ma kafin a binne bututu ake cika shi da ruwa ko iska a ga ko yana yoyo, a duba gangara, kusan santimita biyu a kowace mita ake yawan ba ƙananan bututun ƙazanta, da lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa a ƙarƙashin sinki don wari kada ya dawo ɗaki, da bututun shaƙar iska da ke fita ta rufi. Na fasa titi kuwa kada ka ko gwada ba izini, ba ka san me ke kwance a ƙarƙashin kwaltar ba, kebul ɗin wuta ko babban bututun ruwa ko na gas.

Dan_Gwagwarmaya

Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne amma ku riƙa faɗin ɗaya ɓangaren ma. Mutum ya bi ƙa'ida ya biya kuɗi ya kai takardu sati biyar ba wanda ya ce masa ga abin da ya rage, kayan gini na tashi, wa zai biya shi wannan asarar? Irin wannan jan ƙafar ne yake tura mutanen kirki su fara gini ba izini, ba wai son karya doka ba. Ni nawa sai da ya yi wata uku, abin da ya riƙe shi kuma sa hannu ɗaya ne na wanda ya tafi hutu. Kuma muna gani da idonmu wasu suna ginawa ba takarda daga baya su je su biya tara a halatta musu, su riga mai bin doka tarewa. Ban ce Abu Hanan ya yi haka ba, ina dai cewa haƙƙi ne a kan masu ofis su ma su yi aikinsu a kan lokaci, abin yana min ciwo.

Baba_Ritaya

Dan_Gwagwarmaya ɗana, ban musa maka ba. Na yi shekaru a irin wannan ofis kafin in ajiye aiki, na ga fayil ɗin da ya kwana a tebur ba dalili, kuma ba na kare wannan, zalunci ne a kan mai gini. Amma maganar a gina a biya tara daga baya ina roƙonka ka daina kallonta a matsayin mafita. Tara tana wanke takarda ne, ba ta ƙara rodi ko ɗaya a cikin ginshiƙi. Turkiyya ta yi irin wannan afuwar a 2018, gine-gine masu ɗimbin yawa da aka yi ba bisa ƙa'ida ba aka yi musu rajista bayan an biya kuɗi, da girgizar ƙasa ta zo ranar 6 ga Fabrairu 2023 sama da mutum 50,000 suka rasu a ƙasar, kuma wannan afuwar na cikin abubuwan da aka fi tuhuma bayan nan. Sannan ba kowane gini ake halattawa ba, wanda ya hau hanyar ruwa ko ya shiga titi ko ya zauna ƙarƙashin babbar wayar wuta rusau ne ƙarshensa ko an daɗe.

Abu Hanan, ga abin da za ka yi a satin nan. Ka daina tambayar ina fayil ɗina a baki a bakin ƙofa. Ka rubuta 'yar wasiƙa gajera da lambar fayil da ranar da ka shigar, ka nemi a gaya maka matakin da yake da kuma ko akwai gyaran da ake jira daga gare ka, ka kai kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da shi. Takarda mai hatimi tana sa a motsa fiye da zuwa goma. Ka tafi da mai zanenka, don a sanina yawancin fayil ɗin da ya tsaya akwai tambayar da mai dubawa ya rubuta a ciki ba wanda ya zo ya amsa, ko babu lissafin injiniya, ko zanen safiyo bai yi daidai da girman da ke takardar fili ba, ko ana jiran masu kashe gobara su duba nasu ɓangaren tunda akwai shaguna. Gini irin naka ba tebur ɗaya yake bi ba, masu tsara gari, masu lissafin ƙarfi, masu lafiya da magudana, masu gobara, wani lokacin da masu titi, in ɗaya ya tsaya duk sun tsaya. Ka tambaya kuma ko dokarsu ta sa wa'adin kwanakin da dole su ba da amsa, wurare da yawa akwai, in ya wuce kana da bakin kai ƙara wajen shugaban sashen. Wasu biranen ma suna ba da izinin fandisho kaɗai kafin sauran ya kammala, in sun riga sun gamsu da inda ginin zai zauna da lissafinsa, to ka tambaya, in akwai ka ga ɗan kwangilarka ya samu abin yi ta hanyar da ta dace.

Ka lura izini yana da wa'adi. A dokar gini da yawancin biranen Amurka suke bi misali, in ba a fara aiki ba cikin kwana 180 ko aka dakatar da shi tsawon haka, izinin ya mutu sai an sabunta, wasu ƙasashen kuma shekaru suke bayarwa. Kai da kake tunanin yin gini kashi-kashi ka karanta abin da aka rubuta a naka. Duk canjin da za ka yi ana cikin aiki, ka matsar da matakala ko ka cire bango don shago ya faɗaɗa, a mayar da zanen a gyara a buga hatimi kafin a yi. In an gama kuma kada ka kwashi iyali ka tare sai an yi dubawar ƙarshe an ba ka takardar shaidar cewa ginin ya dace a zauna, mutane da yawa a nan suke sakaci, su bar fayil a buɗe shekara da shekaru sai ranar sayarwa abin ya taso.

Abu_Hanan

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri ya ƙara sani. Baba na rubuta wasiƙar yau da safe mun je da mai zanen, kuma kamar ka sani, ashe tun sati biyu da suka wuce an rubuta a fayil ɗin cewa matakalar sama ta biyo ta cikin shagon tsakiya, suna so ta samu ƙofarta daban da ke fita waje kai tsaye, kuma ba wanda ya kira mu. Mai zanen ya ce kwana uku ya ishe shi ya gyara. Da mun haƙa da ramin matakalar yana wajen da ba nan ba. Na gaya wa ɗan kwangila ya dakata, ransa bai so ba amma ya haƙura. Malam Sani na yi wa yaron magana ya ce akwai maigidansa da ya koya masa aiki yana da lasisi, zan je in same shi. Injiniya saura tambaya ɗaya, tunda za a taɓa zanen dama, in ce a haɗa da lissafin hawa na biyun a wannan gyaran ko zai mayar da fayil ɗin farko?

Injiniya_Bello

Ka haɗa yanzu Malam. Tunda fayil ɗin zai koma teburin mai dubawa dama, gara ya koma sau ɗaya da komai a ciki. Zai iya ƙara maka 'yan kwanaki don masu lissafi za su sake bi, kuma kuɗin izinin zai iya ƙaruwa in da faɗin ginin suke auna shi, amma matakalar da za a sake zanawa ita ce dai za ta hau har hawa na biyun, faɗinta da inda za ta sauka su ma sun dogara da yawan mutanen da za su riƙa bi, to ka ga aikin ɗaya ne. Ka ce wa injiniyanka ya sa nauyin tankin ruwa a lissafin rufin tun yanzu, lita dubu ɗaya ta ruwa tan ɗaya ce cif ban da nauyin tankin da abin da ya zauna a kai, kuma ya nuna a zane daidai inda za a ajiye shi, a kan ginshiƙi ko bim ba tsakiyar dekin ba. In ba a gwada ƙasar filin ba a gwada kafin ya kammala lissafin. In gyararren zanen ya fito ka turo min shafin fandisho da na ginshiƙai ta saƙo in duba maka kafin ku mayar.